Yaron da Ya Gagara: Dalilin da Ya Sa Ake Cewa a Zo da Gidan Gaba Ɗaya

"Likita, ga shi nan mun kawo shi, ya fi ƙarfinmu." Da wannan magana ko 'yar'uwarta ake buɗe zaman farko idan an kai matashi asibitin ƙwaƙwalwa. Uba ne ke bayani, uwa na gefe tana share hawaye da bakin mayafi, shi kuwa gogan ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa kamar ba da shi ake ba. Laifuffukan an haddace su tun daga gida: ya daina zuwa makaranta, ba ya shigowa sai tsakar dare, an ga ƙwaya a aljihunsa, wayar ƙanwarsa ta yi ƙafa. Idan mace ce sai a ce ta daina kula kowa, ta kulle kanta a ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Abin da iyayen ke so shi ne a karɓe shi, a gyara, a kira su su zo su ɗauka, yadda ake barin mota wurin bakanike.

Akwai wani reshe na aikin lafiyar ƙwaƙwalwa da bai yarda da wannan ciniki ba. Maimakon a ce iyaye su jira a waje, sai a ƙaro kujeru: uba, uwa, yayye, ƙanne, wani lokaci har da kaka ko kawu, duk wanda ke da ta cewa a gidan. Mu kira shi jinyar iyali. Hujjarsa ita ce matashi ba shi kaɗai yake cikin matsalarsa ba, kuma mutanen da zai koma cikinsu bayan awa ɗaya da likita su ne ke tare da shi sauran awoyi 167 na mako.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan hanya shi ne Salvador Minuchin, likitan ƙwaƙwalwa da aka haifa a Ajantina a 1921, ya rasu a 2017. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1965 ya yi aiki a makarantar Wiltwyck da ke jihar Niyok ta Amurka, inda ake tura yara maza kangararru daga unguwannin talakawa. Abin da ya dame shi da abokan aikinsa shi ne yaro kan natsu a makarantar, a sallame shi, bayan ɗan lokaci ya dawo da halinsa na dā. Sai suka fara gayyato iyalan yaran. Suka fasa bangon wani ɗaki suka sa gilashin da na waje ke ganin na ciki amma na ciki ba ya ganin na waje, suna kallon yadda gida ke magana da kansa. Wani lokaci sukan ɗauko uwa ko kaka su zaunar da ita bayan gilashin, ta kalli 'ya'yanta suna ƙoƙarin warware magana babu ita. A 1965 Minuchin ya koma asibitin yara na Filadalfiya, inda hanyar tasa ta yi suna.

Me suka gani ta gilashin? Sun ga cewa rigimar gida tana da hanya kamar ruwan damina, kullum inda ta bi jiya nan take bi yau. Gerald Patterson, wani masanin halayyar ɗan Adam a jihar Oregon, shi ya fi kowa fayyace wannan, don shi har cikin gidaje yake tura masu lura su zauna suna rubuta wanda ya ce me, aka mayar masa da me. Mu ɗauki misali da irin gidajenmu. Baba ya ce, "Kada ka sake ka wuce ƙarfe tara a waje." Yaro ya dawo sha biyu. Baba ya yi faɗa, yaro ya yi ƙunƙuni, Baba ya ɗaga murya, yaro ya buga ƙofa ya ce shi barin gidan zai yi. Umma ta tsorata, ta ce, "Alhaji, don Allah ka bar shi haka, dare ya yi." Baba ya shige ɗaki yana cewa ai ke kike ɗaure masa gindi. Magana ta mutu. A daren nan kowa ya yi karatu ba tare da ya sani ba. Yaro ya koyi cewa idan ya kai abu maƙura za a ƙyale shi. Umma ta koyi cewa shiga tsakani na kashe wuta. Baba ya koyi cewa maganarsa ba ta da amfani, don haka ko dai ya kame bakinsa na wata guda, ko kuma ranar da ya fashe ya ɗauko bulala. Gobe Umma za ta miƙa wa yaron kuɗin mota a ɓoye saboda tausayi, kuma ta san ba mota zai hau ba.

Duba da kyau, babu mugu a cikin su ukun. Kowa na yin abin da yake ganin zai ceci gidan, kuma haɗuwar ƙoƙarin nasu ce ke raya matsalar. Wannan zagayen shi mai jinyar iyali yake nema ya gani da idonsa, shi ya sa bai cika gamsuwa da labari ba. Minuchin kan ce wa iyali su yi maganar a gabansa. Wato maimakon ya saurari Baba yana ba da rahoto, sai ya ce, "Alhaji, ga shi nan a gabanka, ku tsayar da lokacin dawowa gida yanzu, ni ina kallo." Minti biyu ba a yi ba za ka ga Umma ta amsa tambayar da aka yi wa ɗanta, ko yayar yaron ta karɓe faɗan, ko Baba ya juya yana yi wa likita bayani ya bar yaron. A nan ƙwararren zai sa baki a hankali: "Hajiya, ɗan dakata, bari su ƙarasa su biyu." Sau da yawa wannan ne karo na farko cikin shekaru da uba da ɗa suka kai ƙarshen magana guda ba tare da wani ya tashi ba.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne wane ne ke tare da wa. Gida mai lafiya, a fahimtar Minuchin, shi ne wanda manya ke tsaye a layi ɗaya game da tarbiyya ko da suna da saɓaninsu a ɗaki. Inda uwa da ɗa suka haɗe kai suka ware uba, ko uba ya mayar da 'yarsa abokiyar kai ƙarar uwarta, to yaron ya hau kujerar da ta fi shi girma. Akwai ma lokacin da lalacewar yaro ita kaɗai ce ke sa iyayen zama wuri ɗaya su yi magana, har ya zama idan ya shiryu shirun da ke tsakaninsu zai fito fili. Da gangan yake yi? A'a. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ce, wato dai laifin iyaye ne kenan. Tsoron yana da tushe, don fannin ya taɓa yin wannan ɓarnar. A 1948 wata likita, Frieda Fromm-Reichmann, ta yaɗa ra'ayin cewa halin uwa ne ke haifar da babban ciwon taɓin hankali, kuma an shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata nauyin da ba nasu ba kafin bincike ya watsar da zancen. Abin da ya tsira daga wancan zamani ya fi wannan taushi, ya kuma fi amfani. A Landan, George Brown ya lura tun ƙarshen shekarun 1950 cewa makomar wanda aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa tana da alaƙa da irin gidan da ya koma. Binciken da Christine Vaughn da Julian Leff suka wallafa a 1976 ya sa lissafi a kai: a gidajen da suka, gori da sa ido fiye da kima suka yi yawa, kusan rabin marasa lafiyar ciwonsu ya tashi cikin wata tara, a gidajen da ake bi da su a natse, kusan ɗaya cikin takwas ne. Gida bai kawo ciwon ba, amma zafin gida na iya tayar da shi, kuma ana iya koya wa gida yadda zai rage zafin. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a haɗa wa mai irin wannan ciwo magani da zaman iyali aƙalla goma.

Misalin da ya fi burge ni daga asibitin Maudsley na Landan ya fito. Akwai wani ciwo da ke sa 'yan mata, wani lokaci har samari, su ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba har su kusa mutuwa. Da can raba yarinya ake yi da iyayenta, bisa zaton su ne matsalar. Likitocin Maudsley suka juya abin, suka ce mu ba ruwanmu da neman mai laifi, ku iyaye ku ne ma'aikatan jinyar, ku za ku zauna da ita kowane cin abinci har ta cinye, mu kuma mu koya muku yadda za ku yi ba da faɗa ba. Gwajin da suka wallafa a 1987 ya nuna wannan ya fi zaman yarinya ita kaɗai da likita amfani ga waɗanda ciwon ya kama kafin shekara 19 kuma bai kai shekara uku a jikinsu ba. Yau ita ce hanyar farko da ake bi da wannan ciwo a ƙasashe da dama.

Ga masu shaye-shaye da 'yan ta-da-zaune-tsaye kuwa, Scott Henggeler a Amurka ya faɗaɗa abin ya wuce ɗakin likita. A tsarinsa ma'aikacin ne ke zuwa gida, yana riƙe iyalai huɗu zuwa shida kawai, ana iya kiran tawagarsa ko da tsakar dare, na tsawon wata uku zuwa biyar. Yana zuwa makaranta, yana so ya san abokan yaron da iyayensu, yana taimakon uwa ta san inda ɗanta yake da ƙarfe goma na dare. Gwaje-gwajen Amurka sun nuna raguwar komawa hannun hukuma. Sai dai kada a mayar da shi laya: da aka gwada shi a Ingila da iyalai 684, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna ya fi kulawar da aka saba bayarwa a can ba. Fassarar da ta fi kama hankali ita ce kulawar Ingila dama tana da ƙarfi, don haka sabon tsarin bai sami giɓin da zai cike ba. Mu namu giɓin ba sai an auna ba.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol suke sha, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar kuwa, ƙungiyarsu ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba. Akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, amma ina za su kai? Uban da ya rasa yadda zai yi sai ya nufi inda ƙofa ke buɗe, wato gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonni kaɗan aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Yawancin waɗannan mutane iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar alheri. Kuma kada a ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai: a 2007 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoton dubban zarge-zargen cin zarafi, har da mace-mace, a sansanonin gyaran hali da iyaye ke biya su tura 'ya'yansu.

Ko da an cire sarƙa da bulala, tara kangararru wuri ɗaya yana da nasa lahani. Thomas Dishion da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa haɗa matasa masu matsala a rukuni guda na iya ƙara musu ɓarna, domin junansu suke yi wa dariya da jinjina idan ana labarin aika-aika. Wanda ya shiga da wiwi sai ya fito ya san roci da sholisho, ya kuma san dila a kowace unguwa. Sannan ya koma gidan da ko tsinke bai motsa ba, ya tarar da ƙarin abu ɗaya: ya san su waye suka sa aka ɗaure shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗaya daga cikin fitattun gwaje-gwajen jinya da dangi a nan ƙasar aka yi shi. A 1954 Thomas Adeoye Lambo, wanda ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a wannan Maudsley ɗin, ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abekuta. Ba a kulle mara lafiya. Ana sama masa masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, bisa sharaɗin ya zo da ɗan'uwa, uwa ko gwaggo ko 'yar'uwa, wanda zai dafa masa abinci, ya raka shi asibiti da safe, ya dawo da shi da yamma. Mai jinyar na ganin komai, yana koyon komai, shi zai koma gida da ilmin. Lambo ya kai har mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da ba ma barin mara lafiya a asibiti babu mai jinya ko da zazzaɓi ne, me ya sa idan ciwon na hali ne muke ajiye shi mu tafi?

Wani zai ce ai mu ma muna da zaman dangi, ana tara baffanni da kawunnai a kan yaro. Gaskiya ne, kuma dukiya ce. Amma a duba yadda zaman ke gudana. Yaro na durƙushe a tsakiya, manya na karɓa-karɓar nasiha, shi nasa "na tuba, ba zan ƙara ba", a yi addu'a a tashi. An yi masa shari'a ne, an yanke hukunci tun kafin ya shigo. A jinyar iyali kowa na fita da aikin da zai yi, har da Baba. Ana iya cewa shi da Umma su tsayar da doka biyu kacal, su yarda da hukuncin karya su tun kafin a karya, hukunci ƙarami wanda za su iya cikawa kullum, maimakon tsinuwa da "na sallama ka" da ba za a cika ba. Ana iya ce wa Baba ya ɗauki yaron su je kasuwa ko gona sau ɗaya a mako, da sharaɗin ba za a tayar da zancen laifi ba. Ana iya ce wa Umma ta daina ba da kuɗi a hannu, ta saya masa abin da ya ce yana buƙata. Mako mai zuwa a dawo a ga abin da ya yiwu da wanda ya gagara. Yawancin waɗannan tsare-tsare na watanni ne, ba shekaru ba.

Ƙwararren da zai yi wannan aiki a gidan Bahaushe sai ya san gidan. Idan yaron ɗan fari ne, uwar da ke alkunya ba za ta kama sunansa ba balle ta ce tana ƙaunarsa a gaban mutane, kuma wanda ya karanta wannan a matsayin sanyin zuciya ya yi kuskure. Tilasta wa ɗa ya kalli idon ubansa ya faɗi damuwarsa na iya rusa zaman tun ranar farko. Sau da yawa hanyar ta wurin kaka take, don jika na iya faɗa mata cikin wasa abin da ba zai iya furtawa gaban mahaifi ba. A gidan mata biyu ko uku kuwa, tambayar wa za a gayyata ita kanta rabin aikin ce. Uwar da ke ɓoye laifin ɗanta don kada kishiya ta ji ta yi dariya, ba sakarci ke damunta ba, matsayinta take karewa, kuma ba za ta saki jiki ba sai an raba maganar yaron da gasar ɗakuna. Haka ɗan riƙo, da wanda aka saki uwarsa ya tashi hannun matar uba: wani lokaci mutumin da ya fi muhimmanci a zaman yana wani gari, yana auren wani. Iyalin da ke ganin sammu ne ko iska, ba a buƙatar a yi musu da su. Su ci gaba da addu'a da ruƙiyya, dokar ƙarfe tara da kuɗin motar ma a gyara su.

Idan yaron ya wuce 18, ya zama saurayi ɗan 24 da ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba inda za shi, lissafin ya canza, don ba a jan sa. A nan ne muke cewa a yi masa aure ya natsu, mu ɗauko 'yar mutane mu miƙa mata jinyar da ta gagari gida guda. Robert Meyers da abokan aikinsa a jihar New Mexico sun gwada wata dabara: a horar da dangin kawai, shi yana can. A koya musu su sakar masa fuska da kulawa ranar da yake garau, su janye ba tare da faɗa ba ranar da ya bugu, su daina biya masa bashi da share masa ɓarna, su kuma san lokacin da ya dace a yi masa tayin ganin likita. A gwajin da aka wallafa a 1999 kan mashaya giya da suka ƙi magani, kashi 64 cikin 100 sun yarda sun je, alhali hanyar taruwa a tsare mutum a faɗa masa gaskiya kashi 30 ta samu.

Akwai inda ba a fara wa da zaman iyali. Yarinyar da wani a gidan ke lalata da ita, ko yaron da ake yi wa dukan kawo wuƙa, ba a zaunar da su gaban mai cutar da su a ce su yi magana. Tsaronsu ne farko. Wanda ke jin muryoyi, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutai, ko ya ambaci kashe kansa, asibiti yake buƙata a ranar. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin kuma, yanke masa lokaci guda a ɗaki a kulle wahala ce mai haɗari, a bar likita ya tsara.

Sauran matsalar ita ce wadda kowane ma'aikacin asibiti ya sani: uwa za ta zo, uba ba zai zo ba. Yana kasuwa, ya yi tafiya, ko ya ce shi ba mahaukaci ba ne da zai je a yi masa tambayoyi gaban 'ya'yansa. José Szapocznik, wanda ya yi aiki da iyalan 'yan Kyuba da suka yi hijira zuwa Miyami, ya ci karo da irin waɗannan iyaye maza, sai ya ɗauki ƙin zuwan a matsayin farkon aikin. Ma'aikacinsa kan kira uban da kansa, ko ya same shi inda yake, ya ce masa ba a zo neman laifinsa ba, an zo ne don babu wanda zai iya wannan aiki in ba shi ba. A binciken da ya wallafa a 1988, iyalai kashi 93 cikin 100 sun shigo jinya ta wannan hanya, inda jiran su kawo kansu ya samu kashi 42. A wurinmu mai kai wannan saƙo zai iya zama yayan Alhaji, ko amininsa, ko limamin masallacin da yake sallar asuba, ya same shi shi kaɗai bayan an watse ya ce, "Alhaji, likitan nan ya ce yaron maganarka kawai yake ji. Ranar Talata ne, ƙarfe goma. Ni zan zo in ɗauke ka."